Ƙarar Sarƙa a Hanyar Jangeru

Maigidana malamin dabbobi ne. Lokacin da aka kai ni gidansa a Kaura Namoda ina koyarwa a firamare, shi kuma yana bin rugage daga dajin Zurmi har bakin iyaka, yana yi wa shanu allura. Gidan yana bayan tashar jirgin ƙasa. A zaure na tarar da baƙin babur mai silinda biyu, an shimfiɗa masa tsohon buhu saboda ɗigon mai. Da shi yake fita ran Litinin, wani lokaci ba na sake ganinsa sai Alhamis in kasuwar Shinkafi ta tashi, ya dawo ya yi baƙi, yana warin maganin kaska da kindirmo.

Mutum ne da Allah ya ba kunne. Saniya za ta yi tari can ƙarshen garke, ya ce wa mai ita ya ware ta, ciwon huhu ne. Haka yake da babur ɗin ma. Kowace safiya in ya tayar da shi sai ya bar shi ya ɗumama, ya tsuguna, ya kafa bakin sukudireba a jikin inji, ya ɗora ƙotar a kunne, ya lumshe ido. Farkon zuwana dariya abin yake ba ni. Ni sarƙa ɗaya na sani a babur, wadda ke jan ƙafar baya. Shi ya gaya min akwai wata siririya a cikin inji da ba a gani, tana juyawa cikin baƙin mai, makanikai suna ce mata taimin cen. Ita ke sa bawul su buɗe su rufe a kan kari, don kada fistin ya taso ya same su a hanya. In ta daɗe tana aiki sai ta miƙe, ta saki, ta fara kaɗawa. Don haka aka sa wani ɗan ƙarfe mai sifirin a bayan silinda yana tokare da ita. In ta saki sai a sassauta noti, sifirin ya ƙara tura ƙarfen, a mayar a ɗaure. Aikin bai kai dahuwar shayi ba, amma sai wanda ya ji ƙarar zai san lokacin yinsa ya yi.

Wanda ya koya masa wannan duka bakanike ne mai rumfa a ƙarƙashin bishiyar bedi kusa da tasha. Kirista ne daga duwatsun bayan Jos. Ya biyo yayansa da ke aikin jirgi, yayan ya gama aiki ya koma gida, shi ya zauna. Maigidana yana ce masa Oga, shi yana ce masa Likita, ni kuma ya ce min Malama. Matarsa tana tuyar ƙosai a bakin layinmu, kuma 'ya'yanmu tare suka tashi. Oga ba mai yawan magana ba ne sai in an taɓo zancen baƙin mai. Yakan ce ba tafiya ke cinye sarƙar nan ba, dattin mai ne, kuma duk ranar da Likita ya tsallaka gulbi da damina ya biyo a duba ko ruwa ya shiga.

Uwar maigidana tana Jangeru, gaba da Shinkafi, inda aka haife shi. Inna muke ce mata. Gajeriya ce mai babbar murya, tana yin daddawa, ƙanwarsa kuma tana aure a unguwar tana duba ta. Ya yi, ya yi Inna ta dawo Kaura ta zauna da mu, ta ƙi. Ta ce ihun jirgi zai hana awakinta kawo nono. Ba ta son babur ɗin ko kaɗan. In ya je gaishe ta, kafin ta amsa sai ta dubi ƙafafunsa ta ga ko suna nan lafiya.

Wata bazara mai zafi sanƙarau ya shigo yankin. Maigidana ya kamu a can wajen Zurmi, aka kawo shi a bayan motar hatsi wuyansa a sandare, bai san wanda ke kansa ba. Mun daɗe a asibiti. Da yawa daga waɗanda muka tarar a ɗakin gawarsu aka fitar. Shi Allah ya tashe shi, amma ciwon ya tafi da jinsa. Kunnen hagu ya mutu gaba ɗaya. Na dama ya rage masa kaɗan: yana jin tsawa, yana jin ganga, yana jin mutum in ya matso ya ɗaga murya. Siririyar ƙara kuwa, kukan tsuntsu ko muryar jariri, ta tafi ke nan.

Ranar da ya fara samun ƙarfin fita zaure, ina shirin tafiya makaranta na ji ya tayar da babur. Na leƙo. Ya tsuguna kamar kullum, ya ɗora ƙotar sukudireba a kunnen dama, ya daɗe, ya mayar hagu. Sai na ga ya cije ƙotar da haƙora. Daga nan ya ajiye ta, ya dafa injin da tafin hannu har zafi ya sa ya janye. Ya zauna a ƙasa da fararen kayansa. Da ya ɗago ya gan ni, sai ya yafito ni ya miƙo min sukudireban.

"Mi kinka ji?" ya tambaye ni.

Ban ji komai ba sai rugugi, kamar na kafa kunne a injin niƙa. Ran nan ban koyar da abin kirki ba.

Da yamma Oga ya rufe rumfa ya zo zaurenmu. Maigidana ne ya kira shi, ban san da wane baki ya yi masa bayani ba. Oga ya saki sarƙar da gangan, ya tayar da inji, ya ce in saurara ƙasa da rugugin. Can na ji ta: wani kaca-kaca siriri, kamar tsakuwa a gwangwanin madara. Ya ce in rabe ta da ƙarar bawul, wadda ke tafiya daidai kamar agogo. Sannan ya sassauta noti, ya ɗaure, tsakuwar ta ɓace. Ya sake saki, ya sake ɗaurewa. Haka ya yi ta zuwa da yamma har sai da na kai ina gane ta daga madafa.

Daga nan abin ya zama namu. Da safe ya tayar da babur, in tsaya a bakin zaure, shi kuma ya zuba wa fuskata ido. In lafiya in gyaɗa kai. In ta fara sai in kaɗa masa yatsu, ya ɗauko sifana. Ya koma aiki. Fulanin da suka san shi suka koyi tsayawa a gabansa in za su yi magana, shi kuma ya koma dafa haƙarƙarin saniya maimakon saurare. Amma ya daina zama a dandali bayan magariba, domin dariya takan tashi bai san a kan me ba. Rediyonsa ya ba wa ƙanena. Gida ya yi shiru. Wannan ɗan tsayin na safiya shi ne lokacin da yake tambayata abu kuma ya jira amsa, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗinsa.

Mun yi shekaru a haka. Wata damina, gero bai kai gwiwa ba, na ji tsakuwar, na kaɗa yatsu, ya sassauta ya ɗaure. Tana nan. Ya sake. Tana nan. Oga ya zo ya buɗe, ya ce ƙarfen ya kai ƙarshen tafiyarsa, sifirin ba shi da sauran abin turawa. Sarƙar ta gama, robar da take bi a kai ma ta cinye, sai sababbi. Lokacin kayan gyara sun yi wuya, waɗanda ake samu a kusa kuma jabu ne, ya ce ba zai sa wa Likita su ba. An aiko masa tsohonsa ba lafiya, zai je gida, kuma zai biya ta Jos wurin wani da ya yarda da kayansa. Ya kafa baki a kunnen maigidana ya ce:

"Likita, kar ka fita gari da shi sai na dawo. In sarƙar ta tsallake haƙori ko ɗaya na ƙarfen da take juyawa, inji ya tafi."

Ya juyo ya maimaita min. Maigidana ya bi maganar. Ya jingine babur, yana bin wani abokin aikinsa in za a shiga daji.

Oga bai dawo ba saƙo ya zo daga Jangeru. Da hantsi ne, direban wata motar kaya da ta fito daga Shinkafi za ta Gusau ya tsaya a ƙofar gida. Ya ce Inna ta kwanta, jikin ya yi tsanani, tana ta kiran ɗanta, an ce ya zo yau. Maigidana ya ruga tashar mota. Ta safe ta tafi. Wadda ke layi babu kowa a ciki, domin an yi ruwa jiya mutane duk suna gona, direban ya ce ƙila bayan azahar, ƙila gobe. Abokin aikinsa yana Zurmi da nasa babur ɗin. Ya dawo ya tsaya a zaure yana kallon namu. Na san abin da ke ransa, shi ma ya san abin da ke raina.

"Ɗauko mayafinki," ya ce. "In kukan ya sake, ki taɓa min kahwaɗa."

Na kai yara wurin matar Oga. Maigidana ya duba mai, ya ƙara, muka hau.

A hankali yake tafiya, mai keke ma da ya matsa zai iya binmu. Na zauna a karkace, kunnena yana wajen inji. Tsakuwar tana nan tun daga ƙofar gida, na riƙe ta a kunne kamar yadda ake riƙe numfashin mara lafiya. Hanya duk tabkuna, gefe da gefe mutane sun duƙa suna noma. Ban ga komai sosai ba. Da muka yi nisa ƙarar ta yi kauri, ta koma kamar ana jan sarƙar rijiya a bakin dutse. Na taɓa kafaɗarsa. Ya tsaya a ƙarƙashin wata tsamiya, muka bar inji ya huce. Ya ɗauko sifana ya sassauta notin ya ɗaure, alhali mu biyun mun san babu abin da ya rage a ciki. Ya dubi rana, ya dubi hanyar da muka baro, babu mota ko ɗaya. Ya ce mu tafi a hankali, Allah na nan.

Mun wuce Badarawa da kaɗan akwai wata ƙorama da ruwa ya ci hanya. Mun gangara lafiya. Wajen hawa ƙafar baya ta fara nutsewa a laka, dole ya murɗa mai. Na ji wani fyaɗi kamar bulala, sai ƙwas, sai shiru. Shi bai ji ba, a hannunsa ya ji. Babur ya ɗan gangaro baya ya tsaya. Ya taka kik don ya tayar, kik ɗin ya tafi ƙasa salalo babu wani ƙarfi. Ya waiwayo.

"Ta tsallake?"

Na gyaɗa kai.

Wani manomi ya bar fartanyarsa ya zo ya taimaka aka turo babur ɗin, ya ce a bar masa zai shigar da shi gida. Bai tambaye mu ko mu su wane ne ba. Muka kama tafiya a ƙasa. Takalmina ya tsinke na riƙe a hannu. Azahar a hanya ta same mu, muka yi alwala da ruwan tabki. Can wani mai amalanken shanu ya ɗauke mu zuwa bakin Shinkafi. Maigidana yana zaune a gaba, jikinsa yana karkata kamar zai tura shanun. Daga Shinkafi muka samu a-kori-kura da ta rage mana hanya.

La'asar ta yi sanyi muka shiga Jangeru. Tun daga nesa muka hango maza suna dawowa daga gabas da gari, wasu da fartanya a kafaɗa, biyu suna ɗauke da makara babu kowa a kai. Maigidana ya tsaya cak. Tun da ya kurmance ba ya iya auna muryarsa. Innalillahin da ya yi sai da duk suka juyo.

A cikin gida ƙanwarsa tana zaune a ɗakin Inna, mata sun cika. Da ta gan shi ta fashe da kuka, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fara gaya masa yadda aka yi, murya ƙasa-ƙasa kamar yadda ake yi a gidan rasuwa. Ta ce da rana ta take tsaka Inna ta cika. Ta ce tun safe Inna take tambaya ko an ji kukan babur. Ta faɗi saƙon da ta bar masa. Shi yana durƙushe yana kallon mayafin, babu bakin da zai karanta. Da ta yi shiru ya juyo gare ni, da irin kallon da yake min da safe a zaure.

Ban taɓa ɗaga murya a gidan surukaina ba. Ran nan na matsa, na kafa baki a kunnensa na dama, a gaban matan nan duka, na faɗa da ƙarfi har na waje suna ji:

"Ta ce ta yahe maka duniya da lahira. Ta ce a hwaɗa maka kak ka yi gudu bisa hanya."

Zancen tambayar kukan babur ban gaya masa ba, kuma babu wadda ta gaya masa. Ya sunkuyar da kai har goshinsa ya taɓa tabarmar da Inna ta kwanta a kai. Ya daɗe a haka. Wata tsohuwa ta ce a bar shi.

Muna zaman makoki Oga ya dawo Kaura. Tsohonsa ya samu sauƙi. Matarsa ta tare shi da labari tun bai ajiye jaka ba, ran Alhamis ya bi motar kasuwa ya zo Jangeru. Ya zauna a gefen tabarma cikin maza, hularsa a hannu, bai san addu'ar da ake yi ba, amma in an shafa yakan sunkuyar da kai. Daga baya matarsa ta gaya min sabuwar sarƙar tana aljihunsa ran nan, a nannaɗe cikin takardar mai, ya kasa fito da ita. Da zai tafi maigidana ya raka shi bakin hanya. Oga ya fara cewa da ya sani da bai daɗe ba. Maigidana ya karanci bakinsa ya tare shi.

"Ka hwaɗa min, Oga, na kuwa jiya. Kwananta ne ya ƙare."

A hanyar komawa Oga ya biya Badarawa ya ɗora babur a mota. Da ya buɗe inji ya tarar bawul sun lanƙwashe, fistin ya yi tabo. Ya daɗe yana nemo kaya ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ya kawo shi ya tayar a zaure, babu tsakuwa ko ɗaya, inji yana tafiya sumul. Na gyaɗa kai. Maigidana ya yi godiya ya shiga ciki.

Ya ci gaba da hawa, domin aiki bai tsaya ba. Ni ma na ci gaba da fitowa bakin zaure da safe. Amma sau da yawa kafin in iso ya riga ya tura babur waje ya tafi, in kuma na iso ba ya ɗagowa. Sai in bi shi da yamma in ce ta fara, ya ce to, washegari ya kai wa Oga. Bai taɓa yi min faɗa a kai ba, ni ma ban tambaye shi ba. Jangeru kuwa, in zai je duba ƙanwarsa, mota yake bi.

Bayan wasu shekaru aka sallame shi daga aiki saboda kunnen. Ya sayar da babur ga wani mai kai kifi Zurmi. Ya ɗaure tumaki a bayan gida, makiyaya kuma ba su daina kawo masa maruƙa ba, yana dafa su yana faɗin abin da ke damunsu. Ya yi ƙiba kaɗan, ya fara furfura. Jikarmu ta fari a hannunsa ta koyi zama.

Ya rasu a shekarar da ake ta zancen za a ba Zamfara jiha, bai kai ga ganinta ba. Jinyar ba ta daɗe ba. Babban ɗanmu ya gaya min Oga ya bi gawa har maƙabarta, ya tsaya can gefe lokacin salla, da aka zo rufewa kuma ya karɓi fartanya daga hannun wani ya yi ta jan ƙasa har aka gama, babu wanda ya hana shi.

Da na fita takaba ba da daɗewa ba su Oga suka yi shirin komawa gida. Idonsa ya fara rauni, 'ya'yansu duk sun koma Jos, jirgi kuma ya daina zuwa Kaura yadda ya saba. Suka zo sallama da safe, motar kaya tana jiransu a bakin layi. Muka zauna a zaure mu uku, muka yi zancen ruwan bana da ciwon ƙafar matarsa. Ta bar min kaskon tuyarta, ta ce ya yi mata nauyi. Oga ya ce, Malama, sai wata rana. Na ce Allah ya kai ku lafiya, a gaida yara.

Sau ɗaya wani direba ya kawo min gaisuwarsu da ɗan buhun dankali. Daga nan ban sake jin labarinsu ba.